Tsohon Cessna, Diamond ko mai injin Rotax: wane jirgi mai kujera biyu za a zaɓa?

Rabon da masana'anta ta fitar da sabon Cessna 152 tun 1985. Duk da haka, in ka leƙa makarantun koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, Ingila, Indiya ko Afirka ta Kudu, da wuya ka rasa shi a gefen titi, ɗalibi na zagaya shi yana duba tayoyi da fukafukai. Kusa da shi za ka ga wani fari fat mai siririyar wutsiya, Diamond DA20 ke nan, sannan ga sababbin yankan rake daga Italiya, Sulobeniya da Johannesburg masu injin Rotax da ke shan fetur irin na mota. Kowannensu kujera biyu gare shi, inji ɗaya, farfela ɗaya. Wanda zai biya kuɗin makaranta, ko abokan da suka haɗa jari za su sayi jirgi guda, ko makarantar da ke neman ƙarin jiragen horo, dole su ɗauki ɗaya, kuma yawanci da ido ake zaɓen: wanda ya fi sheƙi, wanda ke da allon kwamfuta a gaban matuƙi. A ganina ido ne na ƙarshe da ya kamata a yi shawara da shi. Abin da ke raba gardama shi ne man da jirgin ke sha da inda za a samo shi. Daga nan sai nauyin da zai iya ɗagawa ranar da ake zafi, sai kuma wanda zai kwance shi in ya samu matsala.

Kowane ɗaya daga cikinsu amsa ce ga wata matsala ta zamaninsa, shi ya sa sanin asalinsu ke taimaka wa mai zaɓe. A 1925 Geoffrey de Havilland ya tashi da DH.60 Moth a Ingila, jirgin katako da yadi mai fukafukai sama da ƙasa, injinsa doki 60, ana iya naɗe fukafukan a tura shi cikin rumfa. Shi ya sa tuƙin jirgi ya fita daga hannun soja kaɗai ya shiga ƙungiyoyin masu sha'awa. Da irinsa Amy Johnson ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostireliya a 1930, kuma ƙanensa Tiger Moth na 1931 ya horar da dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka kuwa C. G. Taylor ya zana wani ɗan jirgi a 1930 ya sa masa suna Cub, William Piper, ɗan kasuwar man fetur, ya saye kamfanin, bayan gobara ta cinye masana'antar a 1937 aka koma garin Lock Haven a jihar Pennsylvania. Daga nan J-3 Cub ya fito a 1938, ruwan ɗorawa, aka ƙera kusan 20,000 kafin a tsaya a 1947.

Har yanzu ana sayar da Cub, kuma har yanzu mutane na faɗawa sonsa, saboda haka bari a fara sallamarsa. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda aka lulluɓe da yadi. Injinsa Continental mai doki 65, tankinsa lita 45, gudunsa kilomita 120 a awa, wato in iska ta yi maka gaba da gaba, motocin da ke kan titi a ƙasa za su iya wuce ka. Na asali ba shi da batir, da hannu ake murza farfela a tayar da shi. Ma'aunin mansa wata waya ce da aka soke a jikin toshiya mai iyo, tana leƙowa ta murfin tanki a gaban gilashi, in ta nutse mai ya ƙare. Kujerun gaba da baya suke, kuma in kai kaɗai ne a baya za ka zauna don nauyi ya daidaita. Babban abin da ya raba shi da sauran shi ne taya ta uku tana wutsiya. Jirgi mai irin wannan tsari nauyinsa na bayan manyan tayoyi, don haka da zarar ya taɓa ƙasa wutsiya na neman ta zagayo gaba, sai matuƙi ya yi ta aiki da ƙafafu har ya tsaya cak. Wanda ya koya a kansa ƙafarsa na da ilimi, wannan babu musu. Amma ba shi da saurin zuwa ko'ina, ba ya ɗaukar kaya, yadin jikinsa kuma ba ya shiri da rana, tilas sai da rumfa. Wanda filinsa gajere ne mai gargada, a daji ko a gona, ya nemi magajinsa Super Cub da aka fara a 1949, mai doki 150 a yawancinsu, wanda masu gadin namun daji a Kenya da mazauna Alaska ke ji da shi. Ga mai koyo da ke neman lasisi ya wuce gaba, Cub jirgi na biyu ne, ba na farko ba.

Cessna ya shigo da dabara mai sauƙi. Ya ɗauki ƙaramin jirginsa 140 na bayan yaƙi, ya mai da taya ta uku gaba a ƙarƙashin hanci, jiki da fukafukai duk alminiyum, aka samu Cessna 150. Ya fara tashi a 1957, aka ƙera kusan 24,000 zuwa 1977, wasu a garin Reims na Faransa. Taya a hanci ta sa jirgi na miƙewa da kansa bayan sauka, ɗalibi ya daina jin tsoron titi. Fukafukan a sama suke, suna yi maka inuwa, kana ganin ƙasa sosai, mai kuma na gangarowa inji da nauyinsa ba sai da famfo ba. Sai 152 ya gaje shi daga 1977 zuwa 1985, guda 7,584. A ido kusan ɗaya suke, amma mai saye ya kula da bambancinsu. Na 150 injinsa Continental O-200 ne mai doki 100, iyakar nauyinsa a na baya-bayan kilo 726, leɓen fiffikensa, wato fallen baya da ake saukarwa don rage gudu lokacin sauka, na sauka har digiri 40. Na 152 injinsa Lycoming O-235 mai doki 110, nauyi kilo 757, leɓen kuma aka taƙaita shi a digiri 30, domin da digiri 40 jirgi mai ƙaramin inji na shan wuya in ɗalibi ya fasa sauka ya nemi sake hawa. Awannin da masana'anta ta ɗiba wa inji kafin a sauke shi a yi masa garambawul 1,800 ne a O-200, a O-235 kuwa suna kai 2,400. Ga makarantar da jirginta ke tashi kullum, awa 600 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ƙarfin Cessna ba a gudu yake ba, kilomita 190 a awa ne in an matsa. Ƙarfinsa haƙuri da sanayya. Ƙafafunsa ƙarfe ne mai lanƙwasa ya dawo, sun sha dukan ɗalibai shekara arba'in suna nan. In ya rasa iska a fiffike yakan yi gargaɗi da ƙara, ya sunkuyar da kai a hankali. Shi ne Fijo 504 na sararin sama: duk inda aka san gyaran ƙananan jirage an san cikinsa, kayan gyaransa sabo da na hannu suna nan birjik, kuma jikin alminiyum in ya lotsa ana cire ƙusoshi a sauya falle ɗaya.

Laifinsa na farko ƙunci. Faɗin ɗakin bai wuce mita ɗaya ba, manya biyu sai kafaɗa na gugar kafaɗa. Na biyu ya fi muhimmanci, shi ne lissafin nauyi. Yawancin 152 da ke yawo yau sun haura kilo 500 babu kowa a ciki, saboda fenti a kan fenti da rediyoyin da aka yi ta ƙarawa. Abin da ya rage bai fi kilo 240 zuwa 250 ba. Cika tankuna biyu, lita 98, kilo 70 sun tafi. Saura wajen 175 na malami da ɗalibi da jakunkunansu. Maza biyu masu kilo 90 kowanne sun riga sun ƙetare iyaka tun ba a ɗauki ko gorar ruwa ba. Abin da ake yi shi ne a rage mai, a tashi da rabin tanki, darasi ya gajarta. Duk wanda ya san jikinsa ya yi wannan lissafin kafin ya biya kuɗin makaranta, don in bai shiga 152 ba za a mai da shi Cessna 172 mai kujera huɗu, kuɗin awa kuma ya tashi.

Laifi na uku tsufa. Ƙaramin cikinsu ya ba shekara 40 baya. Dalilin da ya sa babu sabo shi ne a 1986 Cessna ya dakatar da ƙera ƙananan jirage masu fistin gaba ɗaya, saboda shari'o'in diyya a Amurka sun sa inshora ta fi ƙarfin ciniki. Sai a 1994 aka yi dokar da ta hana kai masana'anta ƙara a kan jirgin da ya wuce shekara 18, kamfanin ya dawo da 172 da 182, bai dawo da 152 ba. Wannan giɓin ne Turawan Turai suka shigo ta cikinsa.

Diamond DA20 jikan jirgin shawagi ne. A garin Wiener Neustadt na Ostiriya ana ƙera wani mai dogayen fukafukai da ake kira Dimona, aka rage masa fukafukan, aka sa masa taya a hanci, ya zama Katana a farkon shekarun 1990. Daga baya aka buɗe masana'anta a London ta jihar Ontario a Kanada. Na farko, A1, injin Rotax mai doki 80 gare shi, kuma Amurkawa sun yi ƙorafin ba ya hawa da kyau a zafi, sai a 1998 aka fitar da C1 da injin Continental IO-240 mai doki 125. Jikinsa zaren gilashi da na kabon ne da aka daskarar da gam, sumul, babu kan ƙusa ko ɗaya da zai riƙe iska. Da man da 152 zai sha, wato wajen lita 22 a awa, C1 zai ba shi ratar kilomita 40 ko fiye a kowace awa. Iyakar nauyinsa kilo 800, yana ɗan fin Cessna ɗaukar kaya. Da sanda ake tuƙa shi a tsakanin gwiwoyi, ba da sitiyari ba. Kujerun a kafe suke, matakan ƙafa ake jawowa ko a tura. Tayar hancinsa sake take, da birkin dama da na hagu ake juya shi a ƙasa. Rufinsa gilashi ne gaba ɗaya, kana ganin ko'ina. Sojan saman Amurka sun yi amfani da shi wajen tantance sababbin matuƙa a Pueblo ta jihar Colorado, kuma tarihinsa wajen kare ran na ciki mai kyau ne.

Yana koyar da ladabi iri daban da na Cub. Da yake jikinsa santsi ne, ba ya son rage gudu. In ka zo sauka da ɗan ƙarin sauri zai yi ta shawagi a saman titi yana cin fili, ya ƙi zama. Cessna na yafe wannan, Diamond ba ya yafewa, kuma ɗalibin da zai wuce manyan jirage gara ya koyi riƙe gudu tun da wuri.

Sai dai ga mai zama a ƙasar zafi akwai abubuwa biyu da ɗan talla ba zai fara da su ba. Gilashin nan da ke ba ka gani shi ne ke dafa ka a ƙasa kafin a ba ka izinin tashi. Sannan gam ɗin da ya riƙe jikin yana laushi in ya yi zafi da yawa, shi ya sa ake fentinsa fari ba don ado ba, kuma akwai wata alama a cikin jirgin da ke nuna in zafin ƙashin jikinsa ya kai digiri 55, a lokacin littafinsa ya hana tashi. Jirgin da ya wuni a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai ba wuya ya kai nan. Ƙari a kan haka, ba a saka masa kariyar tsawa ba, don haka ba a ba shi izinin shiga gajimare a tuƙa da na'ura kaɗai. Gyaran jikinsa ma sai wanda ya koyi aikin zaren gilashi, kuma rauni na iya ɓuya a ƙarƙashin fenti ba a gani.

Batun zafi bai tsaya kan Diamond ba, kowa ya shafa. Iska mai zafi sakayau take, inji na samun ƙarancin abin shaƙa, farfela da fiffike na samun ƙarancin abin kamawa. Filin jirgin Kano na kan tudun da bai kai mita 500 ba daga teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar yana kan mita 1,500. Na Jos yana wajen mita 1,290, da ɗan zafin rana sai ya koma sama da 2,000 a wurin inji. Inji marar turbo na asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato doki 110 na 152 ya koma casa'in da 'yan kai a Kano da azahar. Littafinsa ya ce a bakin teku da sanyin digiri 15 yana bukatar mita 408 ya tashi ya tsallake bishiya mai tsawon mita 15. A zafin nan abin ya doshi mita 600, hawansa kuma ya ragu sosai. Jadawalin da ke littafin ma a digiri 40 ya tsaya, alhali garuruwan Sahel na wuce haka a bazara. Shi ya sa darasi da sassafe ake yinsa. A nan C1 da dokinsa 125 ya fi numfashi, Cessna 150 da mutum biyu a ciki shi ya fi galabaita.

Rukuni na uku ba jirgi ɗaya ba ne, dangi ne da inji ɗaya ya haɗa. Rotax 912 ya fito a 1989 daga Ostiriya da doki 80, mai doki 100 ya biyo baya bayan shekara goma, sai a 2012 aka kawo 912 iS wanda kwamfuta ke auna masa mai. Ya bambanta da Lycoming da Continental ta kowace fuska. Ƙarami ne, mara nauyi, yana juyi har 5,800 a minti, giya ce ke rage juyin kafin ya isa farfela. Kawunan silindarsa da ruwa ake sanyaya su, jikinsu da iska. Yana shan lita 15 zuwa 18 a awa. Da farko awa 600 kawai aka ɗiba masa kafin garambawul, manyan makanikai suna yi masa kallon injin babur, yau ya kai awa 2,000. Da Amurka ta buɗe ajin ƙananan jiragen wasanni a 2004, masu kujera biyu da nauyin da bai wuce kilo 600 ba, kasuwa ta cika da su: Tecnam na 'yan'uwan nan Luigi da Giovanni Pascale daga kusa da Napoli, da P92 da P2002 da P2008, Pipistrel na Sulobeniya, wanda Indiya ta yi odar guda 194 a 2015 don horo, Sling 2 na Johannesburg, wanda masu shi Mike Blyth da James Pitman suka zagaya duniya da shi a 2009, da Zenith CH 701 mai tashi a ɗan taƙin fili, wanda aka riƙa harhaɗawa a Kpong ta Ghana.

Ɗakinsu ya fi na Cessna faɗi, wasu sun kai mita 1.2. Nauyin da suke ɗauka bai fi nasa ba a takarda, amma tunda ba su da ci, man awa uku wajen kilo 36 ne inda 152 zai nemi kusan 50, bambancin ya koma wa fasinja. Suna tashi da wuri, suna hawa da kuzari. Rashin nauyin nan kuma shi ne rauninsu. Da rana in ƙasa ta yi zafi iska na tasowa, za su yi ta wurgi da kai. Iskar da ke gaban hadari kan kifar da wanda ba a ɗaure da kyau ba. Ƙafar hancin da yawa daga cikinsu ba ta jure saukar ɗalibi kamar ta Cessna, makarantu sun koyi haka da kuɗinsu. Injin ma na da nasa sharuɗɗa: kabireto biyu da sai an daidaita su da juna, robobi da tiyo da ake sauyawa duk shekara biyar ko an yi aiki da su ko ba a yi ba, baƙin mai na musamman saboda giyar, kuma kafin a duba man sai an murza farfela da hannu har an ji tankin ya yi gyatsa. Makaniken da ya tashi a kan Lycoming sai ya koma aji, in ya ƙi kuwa zai lalata maka inji da kyakkyawar niyya.

Yanzu ga maganar mai, wadda ita ce ke yanke hukunci a wannan yanki namu. Cessna 152 da DA20-C1 an yi su ne don man da ake kira 100LL, fetur na musamman mai launin shuɗi da sinadarin dalma a ciki. A Amurka kusan kowane ƙaramin fili na da famfonsa. A yawancin Afirka ta Yamma kuwa abin da ke filayen jirgi kananzirin manyan jirage ne, Jet A-1, shi kuwa shuɗin sai a duro ake shigo da shi, da tsada, wani lokaci a neme shi a rasa. Kananzirin in ya shiga injin fetur kashe shi yake yi, sau da yawa daidai lokacin tashi. Ba banza ba Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma wa Diamond DA40 da DA42 masu injin dizal da ke shan Jet A-1, duk da cewa kujera huɗu gare su. Ita kanta Amurka ta sa wa kanta wa'adin ƙarshen 2030 ta rabu da mai mai dalma.

Rotax ya fi son fetur ɗin mota marar dalma. In aka yawaita ba shi shuɗin, dalma na taruwa a giya da bawul, sai an riƙa juye baƙin mai da wuri. Wannan babbar dama ce, amma da sharaɗi. Mai doki 100 na bukatar fetur mai lambar oktan 95, mai doki 80 yana wadatuwa da 90. Fetur ɗin gidan mai na yau da kullum a ƙasashe da yawa bai kai 95 ba, don haka wanda ba shi da tabbacin samun mai ƙarfi, ƙaramin injin ya fi masa kwanciyar rai, ko da ya rasa doki 20. Sannan sai tsabta. Ba a manta da farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata injinan motoci. Mota in ta mutu gefen hanya za ka gangara. Mai jirgi sai ya samu dillali guda amintacce, ya tace man da mazurari mai raba ruwa, ya gwada kowane duro, ya kuma manta da 'yan bumburutu har abada. Fetur ɗin mota ya fi saurin zama tururi a cikin bututu in an yi zafi, abin da kan yanke wa inji mai, kuma a nan jirgi mai fukafukai a sama ya fi aminci tunda man gangarowa yake yi.

A kan wannan ne tsohon 150 ke shan gaban 152, abin da masu saye da yawa ba su lura da shi. Injin O-200 tun asali don mai mai ƙaramin oktan aka yi shi, kuma akwai takardar izini da ake saye a Amurka wadda ta halatta masa fetur ɗin mota, muddin babu etanol a ciki. Shi kuwa O-235 na 152, ban da son mai ƙarfi, ya yi suna wajen tara dalma a fulogi, sai an yi ta cirewa ana gogewa. Kafin a dogara da irin wannan izini sai an ji ta bakin hukumar ƙasar da jirgin zai zauna, NCAA a Najeriya ko ANAC a Nijar. Ita ce kuma za a tambaya ko awannin da aka yi a kan wani jirgi za su shiga lissafin awa 40 da ake nema a lasisin farko, domin Rotax iri biyu ne, akwai mai cikakkiyar takardar shaida akwai marar ita, jiragen ma haka, kuma a ido ba ka bambanta su.

Akwai waɗanda araharsu ke jan hankali. Piper Tomahawk, wanda aka ƙera guda 2,484 tsakanin 1978 da 1982, ɗakinsa ya fi na Cessna sakewa, amma fiffikensa na da wa'adin awa 11,000, kuma da yawa sun kusa cinye shi a makarantu. Cessna 162 Skycatcher, da aka harhaɗa a Shenyang ta Sin daga 2009, an yi guda 275 kacal aka daina a 2013, waɗanda ba a sayar ba aka farfasa su. Jirgin da uwarsa ta yi watsi da shi, neman kayansa aiki ne. Akwai kuma na haɗa-da-kanka irin Van's RV-6A na jihar Oregon, wanda Najeriya ta san shi da wani suna: shi ne Air Beetle da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don sojan sama a shekarun 1990, kafin a kawo Super Mushshak daga Pakistan. Yana da gudu da daɗin hannu, amma ingancin kowane ɗaya ya danganta da hannun da ya haɗa shi, kuma hukumomi ba kasafai suke barin a yi haya ko koyarwar kuɗi da irinsa ba. Na lantarki kuwa, Pipistrel Velis Electro da Turai ta ba shaida a 2020, minti 50 yake yi a sama, ya isa zagayen fili kawai, batir kuma ba ya son zafi.

Ɗalibin da zai je waje ya yi lasisi ya dawo, in jikinsa ya shiga, ya ɗauki 152 ko duk wanda ya fi araha a awa a makarantar da ke da jirage da yawa da makanikanta. Lasisin iri ɗaya ne, kuma jirgi mai kyau guda ɗaya tak da ke kwance yana jiran kaya daga Turai ya fi tsohon da ke tashi kullum cin kuɗi da lokaci. DA20-C1 na wanda ke inda shuɗin mai yake a famfo ne, da rumfa, da yanayi mai sauƙi. Wanda zai ajiye jirgi a Kano, Zariya, Maraɗi ko Tamale, ni dai zan nuna masa mai injin Rotax, fukafukai a sama, na alminiyum, mai cikakkiyar takardar shaida, irin su P92, ya kuma sa kuɗin tura makanike kwas a cikin farashin jirgin tun farko. In jarin bai kai sabo ba, 150 mai izinin fetur ɗin mota ya fi 152 dacewa da nan, in dai an yarda ana tashi da safe kuma ba a cika shi. Ko wanne aka ɗauka, watannin hunturu da hazo ke rufe gari zai yi zaman rumfa, domin tuƙi da ido na bukatar ganin kilomita biyar, ƙurar kuma na cin matatar iska tana karce gilashi.

Na hannu kuwa ba a sayensa da hoto. A ɗauki makanike wanda ba na mai sayarwa ba, ya buɗe murafan fiffike da ƙarƙashin kujeru ya nemi tsatsa, musamman in jirgin ya zauna bakin teku. A Cessna ya duba layin da kujera ke gudu a kai da matokarin wutsiya, dukansu akwai umarnin dole na hukumar jiragen sama a kansu. Ya auna matsin kowace silinda, ya yanka matatar baƙin mai ya ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. A karanta kundin jirgin shafi-shafi, in akwai shekarun da suka ɓace a ciki farashi ya sauka. Awannin inji kaɗai ba su isa ba: Lycoming da Continental shekara 12 suka ɗiba ko da awannin ba su cika ba, Rotax 15, kuma injin da ya yi shekara biyar a ajiye ba a tayar da shi ba yakan yi tsatsa daga ciki fiye da wanda ke aiki kowane mako. Kuɗin garambawul ɗin injin tsohon 150 na iya kusan kamo kuɗin da aka sayi jirgin gaba ɗaya, don haka a raba shi a kan awannin da suka rage, a riƙa ware na kowace awa a gefe tun daga tashin farko.